Shekarar da Inna ta amsa wa kaset

Kun tashi kuna jin ana cewa kakarku ta rasu da aljana a jikinta. Na taɓa jin ɗayanku yana gaya wa matarsa haka a falo, da Larabci, kamar maganar da aka gama shari'arta, ban kuma musa masa ba. Tun da rubutun nan ya kawo ni wurin, gara in faɗi yadda abin ya kasance. A shekarar da na bar tuƙin tanka a Yanbu na dawo Madina na buɗe shagon kayan mota, muna zaune a tsohon gidanmu na Aziziyya, ni da mahaifiyarku Rakiya da ku da Inna, kakar taku. Akwai wani ɗaki ta gefen titi da muka fasa masa ƙofarsa daban muna ba ɗaliban jami'a haya. Bango ɗaya ne tsakaninsa da ɗakin Inna, bangon bulo marar kauri, wanda in mutum ya yi tari a can sai a ce masa sannu daga nan.

Inna a lokacin ta tsufa ƙwarai, idonta ya tafi. Fara ce sol, ƙwayar idonta kamar ta mage, mutane suna cewa jinin Fulani ne, mu ma haka muke cewa. Abin da muka sani game da asalinta bai da yawa. Wata Bakatsiniya, Hajiya Kande, wadda ta zo hajji a ƙafa ta zauna, ita ta tsince ta tana ƙaramar yarinya kusa da tashar jirgin ƙasa, a shekarun yunwa na ƙarshen zamanin Turkawa, lokacin da ake kwashe mutanen gari a jirgi ana kai su Sham. Kande ta rene ta, ta sa mata suna Hauwa, kuma da aka zo yin takardu mijin Kande aka rubuta a matsayin ubanta. A cikinmu, jikokin mahajjatan da suka zauna, ba a tona irin wannan. Kusan kowane gida akwai wanda aka tsinta a hanya.

Da tsufa ya kama ta sai ta fara wata magana. Ba ta yi da safe, ba ta yi da dare, sai bayan azahar, lokacin da shaguna suka sauke ƙofofi, titi ya yi fayau, ba ka jin komai sai gurnanin mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, a tagogi. A nan za ka ji murya daga ɗakinta, siririya, mai sauri, irin ta yarinyar da ke ba ƙawarta labari. Ba Hausa ba ce, ba Larabci ba. Mun kira maƙwabciyarmu Bazabarma, mun kira mai Fulatanci, mun kira Babarbariya, har matar wani Baturke mai gidan burodi ta zo ta saurara ta girgiza kai. Madina gari ne da babu harshen da ba ya ratsa shi, saboda haka da kowa ya ce bai sani ba, sai muka yanke cewa ba na mutane ba ne.

Muka ɗauko Malam Ɗahiru, Bahaushen Sudan, mai ruƙya. Kada ku zage shi, mutumin kirki ne, kuma yadda aka koya masa aiki haka yake yi. Zai yi karatu har muryarsa ta dushe, sannan ya tsaya ya tambayi aljanin sunansa, da addininsa, da inda ya shiga. A wurinsa suna shi ne rabin aiki, domin sai da suna ake ba aljani umarnin fita. Ya daɗe yana zuwa gidanmu, suna bai samu ba. In ya matsa, sai Inna ta dawo muryarta ta tsufa ta ce da Hausa, “Malam, me na yi maka?” Shi kuma ya juyo ya ce mana wannan mai taurin kai ne, yana ɓuya bayanta.

Ana cikin haka Nasiru ya karɓi ɗakin hayar. Bakano ne, dogo, siriri, yana rubuta risalar babban digiri a jami'a. Ranar da ya tare na taya shi shigar da kwalaye, na tambaye shi a kan me yake rubutu, hadisi ko fiƙihu.

“A kan Musulmin ƙasar Majar, Baba. Hangari, can cikin Turai.”

“Da Musulmi a can?”

“An yi su tun da daɗewa, sannan Turkawa suka zo suka tafi. Tarihinsu nake bi.”

“Kai ɗana, ka bar Kano, ka zo garin Manzo, sannan ka ce Majar kake nema? Wanda ya sayar maka da tikiti ya cuce ka.”

Ya yi dariya har ya ajiye kwalin. Ya ce ai gaskiyata ce, domin abin da malaman Larabawa na dā suka rubuta a kan mutanen nan bai cika tafin hannu ba, ya gama da shi tun shekarar farko. Sauran duk yana cikin harshen Majar ɗin, kuma a faɗin garin nan bai sami mutum ɗaya da zai karanta masa layi ba. Sai da ya yi ta rubuta wa wani ɗakin karatu a babban birninsu kafin wata malama Musulma a can ta tausaya masa. Ita ke aiko masa da ƙamus da shafukan littattafai da aka ɗauki hotonsu, su iso bayan watanni, an farke kwalin a hanya an sake ɗaure shi. A cikin kwali na ƙarshe ta haɗo masa da kaset na koyon harshen. Na ce masa Allah ya taimaka, haya dai farkon wata ce.

Wata rana na dawo cin abincin rana, na kwanta a kan tayil a lungun da ke gaban ɗakin Inna, don nan ne wuri mafi sanyi a gidan. Ta bayan bango na ji Nasiru ya kunna rikodarsa. Muryar namiji ce mai kauri, tana magana a hankali. Irin kaset ɗin nan ne da malami zai yi tambaya sannan ya yi shiru ya bar wa ɗalibi gurbin amsa. Mutumin ya yi tambayarsa, ya yi shiru. A cikin shirun nan sai siririyar muryar nan ta fito daga ɗakin Inna, gajeriyar magana, tsaf, ta tsaya. Mutumin ya sake wata tambayar. Muryar ta sake amsawa, har da 'yar dariya a ƙarshe. Na kasa kunne. Na ji ƙarar maɓalli, kaset ya yi baya da ƙugi, mutumin ya maimaita tambayar farko, ta maimaita amsarta ta farko, amma wannan karon da ɗan ƙosawa, kamar yaron da aka tambaye shi abu sau biyu. Rakiya ta fito daga kicin da ludayi a hannu, leɓenta yana motsi da addu'a. Sai aka kashe rikodar. Muna jin takun Nasiru ya zagayo ta titi, ya ƙwanƙwasa ƙofarmu.

Babu takalmi a ƙafarsa, a wannan kwaltar ta azahar.

“Baba, don Allah wace yarinya ce a ɗakin da ke jikin nawa?”

“Babu yarinya. Mahaifiyata ce.”

Ya ce, “Kaset ɗin ya tambaya ne, yaya sunanki. Ta ce Ilonka. Ya ce ina gidanku, ta ce inda jirgi yake kwana. Ya ce shekarunki nawa.” Ya dube ni. “Ta ce biyar.”

Da la'asar Rakiya ta aika aka kira Malam Ɗahiru. Da ya ji, fuskarsa ta washe kamar an yi masa bushara. Ya ce alhamdu lillahi, abin da ya daɗe yana nema ya fito da kansa: aljana ce, Banasariya, ga sunanta ta faɗa da bakinta, kuma kaset ɗin nan 'yan'uwanta yake kira mata. Nasiru yana durƙushe a gefe, ya bari ya gama, sannan ya ce da ladabi, Allah ya gafarta Malam, harshen mutane ne, ga ƙamus ɗinsa a ɗaki, kuma sunan nan sunan 'yan mata ne a can, kamar a ce Hauwa'u ko Binta. Malam Ɗahiru ya ce to su aljanu an ce maka ba su da ƙamus? Aka yi dariya, har da ni. Ban bi bayan kowa ba ranar. Na ce a bar ni in yi tunani.

Tunanin ya ɗauki makonni, kuma a cikinsu ban hana Nasiru kunna abinsa ba. Waɗannan makonnin su ne nake so ku sani, don ku kuna makaranta a lokutan, ba ku gani ba. Inna ta sa aka tura gadonta ya jingina da bangon. Kafin azahar za ta ce Rakiya ta gyara mata kitso, ta ɗaura mata ɗankwali mai kyau, kamar mai jiran baƙi. Ta koma cin abinci. Nasiru ya fara kashe kaset ɗin yana gwada tambayarta da bakinsa ta bayan bango, tunda ba muharraminta ba ne kuma ban ce ya shigo ba. Harshensa a karye yake, sai ka ji ta ƙyalƙyale da dariya tana maimaita masa kalmar, tana gyara masa. Abin da yake ganewa kaɗan ne, ita kuwa zuba take yi kamar famfo. Ya ce yana tsintar kalmar uba, yana tsintar baƙin ƙarfe da wuta, da wani kare, sauran yana wuce shi. In aka yi la'asar ta dawo Hauwa, ka tambaye ta me suka tattauna, sai ta ce, “Da wa?” Rakiya ta ce mini, “Malam, tun da aka kawo ni gidan nan ban taɓa jin dariyar Inna irin wannan ba. Ko aljana ce, ni dai ta fi mini daɗin zama.” Amma duk da haka ba ta yarda ta wuce ta lungun ita kaɗai a wannan lokacin, ni ma in na ji muryar sai in ga kamar in na leƙa ba tsohuwa zan tarar a kan gadon ba.

Nasiru ya same ni a shago da roƙo. Ya ce in ba shi izini ya ɗauki muryarta a kaset ya aika wa malamar nan, ita za ta ji komai. Ya ce tana da niyyar umra, in ta zo mace ce, za ta shiga ɗakin ta zauna a bakin gado su yi magana baki da baki. Ya nuna mini wani shafi da aka aiko masa, hoton ma'aikatan jirgin ƙasa na zamanin Turkawa, baƙi-baƙi, da ƙyar ake gane fuskoki. Ya ce a cikin masu gyaran injin akwai mutanen Turai, ba mamaki wani Bamajare ya musulunta ya zauna a tasha da iyalinsa. Ko 'yarsa ce, ko a gidansa ta tashi, shi bai sani ba. Sannan zumuɗi ya kwashe shi.

“Baba, ka san abin da ke gidanka kuwa? Duk maraji'in da nake wahalar nema, abin dogaron bincikena, takarda ce. Wannan marji'i ne mai rai.”

Na ajiye abin da ke hannuna. Na ce, “Uwata ce, Nasiru. Ba littafin laburarenku ba ce.”

Ya ba da haƙuri nan take, na kuma san ba da mugunta ya faɗa ba. Amma maganar ta ba ni abin riƙewa, kuma dā ma ina neman abin riƙewa. Labari ya riga ya fita. A ƙofar masallaci wani abokin wasana ya ɗaga murya ya ce, “Ahlan, ya Majari, yaushe za ka koma garinku?” mutane suka yi dariya. Yayana Abubakar ya bugo waya daga Yanbu, bai ko gaishe ni ba. Ya ce takardunmu na zama 'yan ƙasa duk a kan sunan uban da aka rubuta mata suke tsaye, da namu da na 'ya'yanmu, yanzu ina so wani ɗalibi ya rubuta a littafi cewa uban wani ne daban, Bature? Ya ce aljana ba ta taɓa takardar kowa, amma kaka Banasare yana iya taɓawa. Ko da gaske wani ofishi zai waiwayi maganar, ban sani ba, ban kuma tambayi wanda ya sani ba. Tsoro ya ishe ni hujja. Na zaɓi aljana.

Na gaya wa Nasiru ina bukatar ɗakin. Bai yi musu ba. Ya ce, “Baba, ko ba za a ɗauki muryar ba, bari in bar muku rikodar da kaset ɗin. A riƙa kunna mata kawai.” Na ce ya tafi da kayansa duka. Da yake loda kwalayen a motar haya ya tsaya a jikin tagar ɗakin, ya faɗi wata gajeriyar kalma da ƙarfi a harshen nan. Safiya ce, ba lokacin Inna ba, ba ta amsa ba.

Washegari bayan azahar ta sa aka ɗaura mata ɗankwali. Ta juya ta fuskanci bango ta jira. Da shirun ya yi yawa sai ta fara da kanta: ta yi magana, ta tsaya daidai tsawon amsar mutum, ta sake yi, ta sake tsayawa. Ina lungun ina ji. A cikin kowane tsayawa sai in kama kaina na kasa kunne ga ɗakin da na san babu kowa a ciki.

A ƙarshen makon Malam Ɗahiru ya zo gama aikinsa, tunda yanzu yana da suna. Ya zo da azahar don ya same ta a kai. Ni da Rakiya muna tsaye, ya yi karatu mai tsawo, Inna tana fuskantar bango ba ta kula shi ba. Sannan ya miƙe tsaye, ya daka tsawa da Larabci:

“Fita, ya Ilonka! Fita daga gidan nan! Ba gidanku ba ne!”

Sai muryar ta ɗauke. Inna, wadda ta yi watanni ba ta sauka daga gado sai an ɗaga ta, ta zuro ƙafafunta ƙasa. Ta lalubi gefen gadon, ta miƙe. Ta miƙa hannu gaba tana neman ƙofa, tana tafiya da 'yan ƙananan taku, kanta a sunkuye kamar yarinyar da aka kora daga ɗaki. Malam Ɗahiru ya ce Allahu akbar, ku ba ta hanya, fita take yi. Muka ba ta hanya. Ta wuce lungun, ta wuce falo, har ta kai ƙofar titi, ta dafa ƙarfen da rana ta gasa ba ta janye hannu ba. A nan ta tsaya. Ta juyo da makafin idanunta wajen da nake, ta ce da Hausa, a hankali:

“To ina zan je?”

Na ɗauke ta na mai da ta gado. Ba ta da nauyi ko kaɗan. Na sallami Malam Ɗahiru, ban sake kiransa ba, shi kuma ya tafi yana gaya wa mutane an yi nasara, domin daga ranar labarin nan mai tsawo bai sake fitowa daga bakinta ba. Ta daina neman kitso. Abin da ya rage magana ce guda, gajeriya. Bayan azahar za ta ɗora tafin hannunta a bango ta faɗe ta, ta jira, ta sake faɗa, har barci ya ɗauke ta. Na ji ta har ta zauna a kaina kamar karatun allo. Rakiya ta ce in nemo yaron nan. Na ce sai bayan hajji, aiki ya yi yawa a shago. Bayan hajji na je jami'a aka ce ya tafi gida hutu. Kafin ya dawo mun kai Inna maƙabartar Baƙi'a.

Shekaru sun shuɗe, har an rushe gidan mun koma Khalidiyya, sai ga Nasiru a ƙofar shagona, ya yi ƙiba, ana ce masa Dakta. Ya zo umra. Ya yi mini ta'aziyya kamar jiya aka yi rasuwar, bai ambaci komai ba sai da muka sha shayi. Sannan ya ce malamar nan tana gari ita da mijinta, a wani masauki kusa da Harami, in ba zan damu ba tana so ta gaishe ni. Na rufe shagon na bi shi.

Dattijuwa ce, ƙarama, tana jin Larabcin littafi. Da ta ɗago ta dube ni sai na kawar da kai, saboda launin idonta. Ta ce Nasiru ya ba ta labari tun a wancan lokacin, ta yi ta jiran kaset bai zo ba. Ta tambaya ko akwai wani abu da ya saura a kunnena, ko kalma ɗaya. Na ce akwai, amma bakin Bahaushe ne, kada ta yi dariya. Na faɗa mata yadda na riƙe: nyishki, en bagyok. Ta ce in sake. Na sake. Ta maimaita shi da kanta, daidai, da irin saurin nan da irin hawa da saukar nan, har na dafa kujera, domin rabona da jin wannan sautin tun ɗakin Inna.

Ta ce, “Maganar yara ce, in an rufe su a waje. Cewa take yi: buɗe, ni ce.”

Mijinta ya sunkuyar da kai. Ita kuwa ta matso da kujerarta, ta tambaye ni a hankali, irin tambayar masu bincike da ba su san suna yanka ba, ko akwai wanda yake ɗaya gefen bangon a lokacin.

Na ce babu kowa. Ban sake ba da ɗakin haya ba. Ni na kulle shi, kuma duk tsawon watannin nan mabuɗin yana aljihuna, haɗe da na shago.